Fuskar Alhaji Gafaru

A unguwar Maamobi maganar ta tashi, kafin ta iso ƙofata a Nima ta yi ƙiba. Wai fuskar mijina, marigayi Alhaji Gafaru, tana gogewa daga hotunan da muka raba ranar addu'ar arba'in. Wai idanu ke fara tafiya, sai hanci, a bar hula da babbar riga. Kuma wai fuskar mamaci ba ta gogewa haka kawai, sai in ya tafi da haƙƙin mutane a wuyansa.

Mutumin da 'yan unguwa ke kai wa ajiya, ko allura ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba! Kimiyya na koyar har na yi ritaya. Ba zan zauna Hajiya Memuna mai waakye, shinkafa da wake, ta yanke wa mijina hukuncin kabari tana zuba yajin shito ba, don ita ce uwar maganar.

Na bi gidaje na duba. Ba ƙarya, hotunan sun koɗe, fuskar ta koma kore-kore. Amma wanda aka ba ƙanwarsa Awabu, da ke ƙasan akwati, lafiyarsa lau. Waɗanda suka lalace duk a bango suke, kusa da taga.

Na kira ɗana Tajudeen, shi ya ɗauki nauyin hotunan.

"A wane shago aka wanke su?"

Ya sosa ƙeya. "Mma, a ɗakina na buga. Shago tsada. Ga firinta a gida, tawada kuma akwai ta kwalba mai sauƙi, da sirinji ake ɗurawa."

"Ka yanka saniya, ka yi hayar rumfa da kujeru, matarka ta sha leshi, sai a fuskar ubanka ka ga wurin tsimi?"

"Mma, hoto ne fa kawai."

"Kawai? Fita titi ka ji sunan da ake kiran ubanka."

Na sa shi ya buɗe wayarsa ya buga mini hotuna uku, da wannan tawadar, a wannan takardar: nawa, na Memuna a bikin jikata Shifa, da na ragon layyarmu na bara. Na manna su a tagar da ranar la'asar ke duka. Makonni na yi ina haɗiye gaisuwar munafunci, ana ce mini "sannu da haƙuri" ana kallon juna.

Da suka koɗe yadda nake so, na yafa mayafi na nufi rumfar Memuna da safe, lokacin da layi ya fi tsawo.

"Hajiya Muniratu! A sa miki taliya da ƙwai?"

"Ban zo ci ba. Kin san wannan matar?"

Ta goge hannu a zani ta karɓi hoton da na miƙa mata. "Ni ce mana, bikin Shifa. Innalillahi! Ina idona?"

"Abin da na zo tambaya ke nan. Haƙƙin wa kika ci?"

"Haba Yaya, ai da raina!"

"Ga nawa, ni ma babu hanci. Ga kuma rago. Shi gadon waɗanne marayu ya cinye?"

Wani direban trotro, motar haya, ya ƙware da dariya har shinkafa ta fito masa ta hanci. Ni ban yi dariya ba.

Memuna ta sassauta murya. "Wallahi Yaya, ni ma ji na yi."

"Ji kika yi, kika sayar da shi tare da abinci. Yanzu kin gani da idonki, in ya rage miki. Da muryar da kike kiran masu saye, da ita za ki faɗa. Ina tsaye."

Ta dubi layin, ta dube ni. Ban matsa ba. Ta ajiye ludayi.

"Jama'a," ta ce, "Alhaji Gafaru bai ci haƙƙin kowa ba. Tawada ce mai arha, rana ke cinye ta."