Ramin Makiyaya

Shekara goma sha ɗaya Nuhad tana rarrafe cikin kogunan duwatsun Labanan da tef ɗin awo da kamfas. Ta sha nutsewa cikin kashin jemage har gwiwa, amma ba ta taɓa jin ɗoyi irin na kogon garinsu ba. Abin haushin ma, ita ce ta matsa wa ƙungiyarsu ta masu auna koguna su zo. So take ta zana hanyar ruwan marmaron da ƙauyen ke sha, wanda mahaifinta Taniyus ke cika baki da shi a gaban kowa, yana cewa ruwan Beirut na wankin ƙafa ne kawai.

Da safe ita da abokin aikinta Ramiz suka shiga ta bakin marmaron suna bin ruwan zuwa sama, shi yana jan tef, ita tana rubuta tsawo da kwana. Wajen mita ɗari huɗu ya fara tsokanarta, wai dama haka turaren 'yan ƙauyensu yake? Suka kutsa ta wata matsattsiyar kafa suka miƙe a wuri mai faɗi.

Haske na saukowa daga wata ɓula can sama. A ƙarƙashinta tulin mushe ne, akuya a kan akuya, waɗansu sun zama ƙashi, waɗansu sun kumbura gashi na saɓulewa, tsutsa na ta cin karenta babu babbaka. Ruwan da ake yi wa kirari kuwa ta ƙarƙashinsu yake bi, ya fito da maiƙo-maiƙo a kansa, ya gangara abinsa zuwa ƙauye. Nuhad ta amayar da burodi da zaitun ɗin da ta karya da su. Da ta goge baki, sabo ya sa ta ƙirga ta rubuta: goma sha bakwai.

Sannan idonta ya kai ga kunnuwan. Tsaga biyu a kunnen hagu, shaidar garken mahaifinta. Ta toshe hanci ta kwance ƙararrawar da ke wuyan wani bunsuru. Hankalinta ya koma kan mahaifiyarta Wadad, mako uku ke nan tana fama da amai da gudawa, ta rame kamar ba ita ba. Ranar da likita ya tambayi wane ruwa take sha, saura kaɗan Taniyus ya kore shi daga gidan.

Ta sami mahaifinta a tsakar gida da rana. Ya miƙo mata butar yumɓu, ya ce ta jiƙa maƙoshi da ruwan arziki. Ko taɓawa ba ta yi ba, ta ajiye ƙararrawar a gabansa. Bai musa ba, bai ma ga abin musu ba. Ya ce cutar da ta faɗa wa garke a lokacin sanyi ce ta kashe su, ya jefa su a ramin da ke kan tudu yadda kowane makiyayi yake yi tun kaka da kakanni. Wa zai haƙa kabarin akuya a dutse?

"Ramin nan teku yake faɗawa, ɗiyata. Kakana ne ya gaya mini."

"Baba, na tsaya a gindinsa yau. Tulunmu yake faɗawa."

Ya yi tsaki, ya ce boko da shiga rami sun taɓa mata kai. Ita ma ranta a ɓace yake, ƙyamar har da shi kansa, ga kunyar jin hakan game da uba. Ta ɗauko koren rinin da suke bin sawun ruwa da shi, ta ja shi har kan tudun, ta dama a durom biyu ta tuttule cikin ramin a kan idonsa.

Kafin rana ta yi sanyi marmaro ya koma kore shar kamar ganyen alayyafo. Mata suka tsaya cirko-cirko da tulunansu, wata ta tofar da yawu ta zubar da na hannunta. Taniyus ya daɗe yana kallon ruwan. Shi da kansa yake ɗebo wa Wadad kowace safiya, don ya ce shi ne zai warkar da ita.

Ya tambayi Nuhad ƙasa-ƙasa guda nawa ta gani. Ta ce goma sha bakwai.

"Ashirin da uku ne," in ji shi. "Akwai alfadari a ƙasansu. Igiyar nan taku ta shiga rami, za ta ɗauki tsoho? In sauka in kwashe su."