Ranar da Janar Ya Ci Abinci da Mu

Janar Maeng bai taɓa buɗe intanet da hannunsa ba. Buga masa ake yi a takarda, ya bi da jan biro yana soke abin da bai yi masa ba, a zatonsa ya goge shi daga duniya ke nan. Wannan gwanin ne ya ɗaura yaƙi da shafin Kofur Pyo Dong-gil.

Pyo maƙwabcin gadona ne a bariki. Duk ranar da aka ba mu fita gari, sai ya faɗa shagon kwamfuta ya rubuta abin da muke ci: shinkafa, kimchi, wato jiƙaƙƙen kabeji mai yaji, da ya yi tsami har ya gaji, da miyar da kifi ya leƙa ya wuce. Iyayenmu mata suka gano shafin, suka riƙa aiko mana da busasshen kifi da yaji da biskit. Da ƙunshin nan muke rayuwa.

Da labari ya kai kunnen Janar, sai ya aiko cewa zai zo ya ci da mu. Muka yi wa duwatsun hanya fenti. A ranar, sai ga haƙarƙarin saniya a kowane faranti, mai hoto na ta zagaye. Ni dai takaici ya hana ni jin daɗin naman, amma na ci.

Janar ya sa aka kira Pyo.

"Kai ne mai rubuce-rubucen? Soja ba ya rubutu, yaro. Soja 'to' yake cewa."

"To, ranka ya daɗe."

"Na ji kana neman hutu, za ka bikin yayarka."

"Haka ne, ranka ya daɗe. Mahaifinmu ya rasu, ni zan riƙe hannunta in shigar da ita zauren biki."

"Madalla. Hutu na masu godiya ne." Ya nuna farantin da tsinken cin abinci. "Me ka ci yau? Je ka gaya wa duniya."

Pyo ya dawo ɗaki ya zauna bakin gado, takalmi ma bai cire ba.

"Rubuta mana, malam marubuci," in ji Saje Bong. "Ai ba ƙarya ba ce. Ko ba ka ci naman ba?"

Pyo ya rubuta, ya liƙa hoton Janar yana dariya da ƙashi a hannu. Aka ba shi hutunsa, ya riƙe hannun yayarsa. Ban zarge shi ba, haushin mai jan biron nake ji har yau.

Washegarin ziyarar kifin miyarmu ya koma leƙe. Mako ya wuce, wani ya bi, ba ƙunshi ko ɗaya. Na buga wa mahaifiyata waya.

"Ɗana! Na ga hoton," ta ce, murya cike da murna. "Ashe nama kuke ci. Yanzu hankalina ya kwanta."

Pyo na tsaye bayana a layin waya, ya ji komai. Da layi ya zo kansa, sai ya ba na baya wuri, bai buga gida ba.