Rumfar Ikenna Kafinta

A shekarar 1985 Malam Isiyaku ya kai shekara talatin yana gyaran rediyo a Makera. Ran wata Laraba da hantsi, wata budurwa sanye da fararen kayan nas ta tsaya a ƙofar shagonsa, ta durƙusa ta gaishe shi da Hausar da ba ta gama nuna ba.

"Baba, sunana Uzoma. Ni ce 'yar Ikenna kafinta, maƙwabcinka na da."

Sukudireba ta suɓuce daga hannunsa.

Ta ce aiki ne ya kawo ta Kaduna, kuma mahaifiyarta ta ce kada ta kuskura ta zauna ba ta nemo shi ba. "Kullum sai ta ba mu labarin yadda ka ɓoye mu kwana huɗu a ɗakin Inna Kulu lokacin kashe-kashen 66, ka kai mu tashar jirgi. Har a coci tana sa a yi maka addu'a."

Duk gaskiya ne. Amma akwai abin da uwar ba ta sani ba. A watannin da suka gabaci tashin hankalin, Isiyaku yakan zauna a majalisa yana jin ana cewa Inyamurai sun kashe manyan Arewa, saura su ƙwace kasuwa da ofis. Tun yana gyaɗa kai har ya koma faɗa da bakinsa. Ranar da abin ya ɓarke, ya shigar da matar Ikenna da 'yarta cikin gidansa, Ikenna kuwa ya kwanta a bayan katakai cikin rumfarsa. Da taron 'yan tarzoma ya iso, wani ya tambaya ina kafintan yake. Ba wanda ya taɓa Isiyaku, ba wanda ya ɗaga masa sanda. Kansa kawai ya juya ya dubi rumfar, suka bi idonsa.

Shekara goma sha tara yana gaya wa kansa tsoro ne. Ko Kulu, matarsa, har ta rasu bai faɗa mata ba.

"'Yata, zauna," in ji shi. "Ki ce wa mahaifiyarki ta daina wannan addu'a. Ni na nuna inda babanki yake."

Ta zauna a kan benci.

"Sun ce za su kashe ka ne?"

"Ba su ce ba."

"To me ya yi maka?"

"Bai yi mini komai ba. Ƙofar shagon nan ma shi ya ɗaura ta. A ranar dai na yarda da abin da ake faɗa a kanku. Na minti ɗaya na yarda, kuma ya isa."

Ta miƙe ta ce ya kai ta wurin. Suka taka zuwa bayan layi. Rumfar ta zama shagon injin niƙa, mata sun jera kwanukan masara suna jiran layi, sai da ta ɗaga murya kafin ya ji ta.

"Ya yi magana kafin ya mutu?"

Isiyaku ya so ya ce sunanta Ikenna ya kira, ko na uwarta. Harshensa ya ƙi.

"Sunana ya yi ta kira. Ya ɗauka zan zo in cece shi."

Ta share fuska da bayan hannu. "Mama tana da hawan jini. Ba zan gaya mata ba, Baba. Za ta ci gaba da yi maka addu'a, kai kuma ka san abin da ka sani."

Ta tsallaka titi ta hau bas mai zuwa Kakuri. Bayan haka sau biyu yana hango ta a kasuwa, sau biyun kuma ta gaishe shi da ladabi ta wuce. Bai taɓa iya amsawa ba.