Ƙafa Biyar da Inci Biyu

Ranar da Jagora ya rasu, gidan rediyo ya daina sa kiɗa, shaguna suka rufe, masu sayar da jarida suka riƙa miƙa wa mutane kyauta suna share hawaye. Kafinta bai yi kuka ba tukuna. Ya shiga shagonsa, ya jawo katakon da ya jingina a bayan ƙofa tun bara, ya zaro tef daga aljihu, ya auna ƙafa biyar da inci biyu, ya ja layi da fensir.

Wannan shi ne ainihin tsayin marigayin. Ban da yayarsa, mutum uku ne suka san shi daidai: tela, likita da Kafinta. Tela da likita kuwa sun riga mu gidan gaskiya.

Asalin maganar tun shekara ta biyu ta yaƙi ne. Abokan gaba suka iso bakin gada, sojoji suka juyo a guje. Jagora ya tsaya a tsakiyar gadar yana kiransu, amma muryarsa kawai ake ji, shi ba a ganinsa. Kafinta a lokacin ƙaramin soja ne mai gyaran gadajen kwana na bariki. Ya jawo akwatin harsashi ya tura masa, Jagora ya hau. Da sojoji suka ga kai da kafaɗu sun ɓullo sama da na kowa, sai suka ja birki, suka koma, gada ta tsira, birni ya tsira. Wani mai hoto ya ɗauke shi daga ƙirji zuwa sama. Washegari jarida ta ce tsayinsa ƙafa shida.

Tun daga ranar Kafinta ya sami aikinsa na rayuwa, wato ɗan akwatin da ake ɓoyewa a bayan teburin jawabi. Da aka ci yaƙi, Ma'aikatar Tarihi ta ƙara wa Jagora inci biyu. Da aka cika shekara ashirin ta ƙara wasu biyu. Duk lokacin da aka ƙara, sai a aiko wa Kafinta takarda, shi ma ya ƙara wa akwati. Baƙi daga ƙasashen waje a zaune ake karɓar su. 'Yan aji uku na haddace "ƙafa shida da inci huɗu" kamar yadda suke haddace sunayen watanni.

Sauran labarinsa kuwa babu ƙari a ciki. Wata goma sha ɗaya ana ruwan bama-bamai bai bar birnin ba. Ba ya cin abinci sai sojoji sun ci. Duk sojan da ya mutu, da hannunsa ya rubuta wa iyayensa wasiƙa, har yatsansa ya yi kanta. Mutane na sonsa tsakani da Allah, Kafinta ya fi kowa.

Bara da ciwo ya kwantar da shi, ya sa aka kira Kafinta da hantsi, ya kori kowa daga ɗakin.

"Abokina," in ji shi, "shekara arba'in da ɗaya ina tsaye a kan katakonka. Ƙafafuna sun gaji. In na tafi ka yi mini akwati daidai ni, in kwanta a tsayina ko sau ɗaya. Ba na son in yi ta gangara a ciki kamar ƙwayar gyaɗa a gwangwani."

"Na yi alkawari, ranka ya daɗe."

"Bar ranka ya daɗen nan. Ba ka ga inda ake ba?"

To, ga shi ranar ta zo. Kafinta bai kai ga ɗora zarto a kan layin ba sai ga Sakataren Kwamitin Jana'iza, matashi mai tsafta, ya shigo da fayil a hammata yana kakkaɓe garin katako daga takalminsa.

"Baba, ga awo. Ƙafa bakwai."

"Bakwai? Jiya fa shida da inci huɗu ne."

"Kwamiti ya zauna da safe. An ga bai dace a binne shi da tsayin da yake da shi yana raye ba. Mutum in ya rasu ai darajarsa ƙaruwa take."

Kafinta ya cire fensir daga bayan kunne, ya mayar. "Ɗana, kai ka ga gawar?"

Sakatare ya waiga, ya sassauta murya. "Na gani. Kwamiti ya ce kwanciya ce ta sa."

"To saurara. In kuka sa shi a akwati mai ƙafa bakwai, duk matakalar da aka hau zai sulale ya buga ƙafa, duk wadda aka sauka ya buga kai. Ƙasa gaba ɗaya za ta ji a rediyo."

"A cusa filo mana."

"Filo nawa, ɗana?"

"Baba, ni takarda aka ba ni. In ba za ka iya ba, akwai kamfanin kujeru a bayan tasha. Su ba sa tambaya."

Bayan fitarsa Kafinta ya zauna a kan benci ya rafka tagumi. Matarsa na bakin ƙofa tana ɗinke maɓallin baƙar rigar da zai sa ranar jana'iza, kuma ba abin da ya wuce kunnenta.

"Baban yara," ta ce, ba ta ko ɗago ba, "kai da ka shekara arba'in kana ɓoye ƙaramin akwati a bayan babban tebur, yau ne za ka rasa inda za ka ɓoye shi?"

Ya dube ta. "In sa ƙarami a cikin babba? Ai rabin alkawari ke nan. Ciki gaskiya, waje ƙarya."

"Da babu gara ba daɗi. Shi a cikin zai kwanta, ba a wajen ba."

Kwana uku ya yi yana aiki. Ƙaramin ya yi shi a natse, ya haɗa kusurwoyinsa ba ƙusa ko ɗaya, ya goge shi har ya yi laushi kamar tafin jariri. Babban kuwa ƙusoshi ya buga masa ya lafta fenti mai ƙyalli, kuma shi Sakatare ya yaba. A fadar gwamnati, da taimakon sojoji biyu da suka rantse ba su ga komai ba, aka kwantar da marigayin a ƙaramin, aka sa shi cikin babban, aka matsar da shi wajen kai. Ya rage fili a wajen ƙafa. Tsohon ɗan akwatin jawabi na cikin kayan aikinsa, kuma da ya sa shi da ya toshe rabin wurin cif. Ya ɗauko shi, ya juya shi a hannu, ya tuna ƙafafun da suka gaji, ya mayar. Ya tokare wurin da sanduna biyu.

Ranar jana'iza sojoji takwas suka ɗauki akwatin. Huɗun da ke wajen kai suka jiƙe da gumi tun kafin a fita ƙofa. Huɗun da ke wajen ƙafa ba su ji nauyin komai ba, kunya ta kama su, suka riƙa nishin ƙarya. Akwatin ya karkace, kai ƙasa, ƙafa sama.

"Ku duba, jama'a!" in ji mai sharhi a lasifika. "Har yanzu kansa ne ya fi nauyi, kan da ya ɗauki ƙasa!"

Mutane suka ɓarke da kuka tun daga kan titi har saman benaye. Kafinta na biye can baya da akwatin kayan aikinsa.

An haƙa kabarin a dandalin da ke bakin gada, an shafe cikinsa da siminti. Aka ɗaura igiyoyi, aka busa ƙaho, aka fara sassautawa. Akwatin ya sauka inci ɗaya, ya zauna a bakin kabarin kamar murfi. Aka ɗaga, aka sake, ya sake zama.

Sakatare ya ruga wajen shugaban masu haƙa. "Wane irin awo kuka yi?"

"Yallaɓai, da littafin 'yan aji uku muka yi aiki. Shida da inci huɗu. Har mun ƙara inci huɗu na alfarma."

"Ba a aiko muku takarda ba?"

"An ce an aiko. Amma ai ofis a rufe yake, ana makoki."

Aka gwada a karkace, bai shiga ba. Masu ƙaho suka busa abin da suka iya har ya ƙare, suka koma farko. Can wani Janar mai lambobi har ciki ya yi gyaran murya.

"A binne shi a tsaye," in ji shi. "Soja ne. A tsaye ya rayu."

'Yan kwamiti suka fara gyaɗa kai ɗaya bayan ɗaya. Wani har ya ce a rubuta. Kafinta ya dubi akwatin. A tsaye kuma, har abada? Bai san lokacin da ya ratsa tsakanin ministoci ba, guduma a hannu.

"Ranka ya daɗe, a ba ni minti biyar."

Bai jira amsa ba. Ya durƙusa, ya fara zare ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya yana jera su a aljihu, don kafinta ba ya zubar da ƙusa ko a ina yake. Ya ɗage murfin, ya cire sandunan, ya yafito sojoji. Suka fito da ƙaramin akwatin suka ajiye a gaban kowa.

Mai harba igwa ya tsaya da hannu a sama.

Sai wata tsohuwa 'yar firit ta taso daga layin gaba tana dogara sanda. Yayar marigayin ce. Ta zo ta shafa katakon daga kai har ƙafa, ba ta ko matsa daga inda take tsaye ba.

"Yauwa," ta ce. "Ga ƙanena. Ina ta neman sa tun safe."

Mai sharhi ya yi tari sau biyu, sannan ya sami bakin magana. "Jama'a, ga abin al'ajabi! Jagora ya tattara kansa wuri ɗaya, don ya bar wa ƙasarsa fili!"

Kuka ya sake tashi, ya fi na farko. Igwa ta tashi. Akwatin ya sauka a hankali, ya kwanta a ƙasan kabarin sumul, ba ƙara ko kaɗan.

Sakatare ya leƙa ramin, ya matso kusa da kunnen Kafinta. "Baba, ga fili ya rage a wajen ƙafa. Me za a sa?"

"A zuba ƙasa, ɗana. Ita ba ta da kwamiti."

Da la'asar ya isa gida. Ya cire baƙar rigar ya rataye, ya juye ƙusoshin cikin gwangwaninsu. Sannan ya ɗauko ɗan akwatin jawabi, wanda sawun takalmi biyu ya ci samansa, ya ajiye a tsakar ɗaki, ya zauna a kai. A nan ne kukan ya zo masa, ya yi shi sosai.

Matarsa ta bar shi har ya ƙoshi. Da ta ga ya fara share fuska, ta dafa kafaɗarsa.

"In ka gama, Baban yara, ara mini. Akwai tukunya a saman kanta, wata uku ke nan hannuna bai kai ba."