Laba Bakwai na Sahabi

Ni mahauci ne, ɗan mahauci, a Ƙofar Rini. Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Amma sa in na ɗora mai hannu, na san abin da ke cikin fatarshi.

Shekara guda kafin mulkin kai ƙanena Sahabi ya kwanta. Tare muke fawa. Likitan asibiti, wani Bature, ya ɗebi jininshi ya duba. Malam Maccido mai yi mashi tafinta ya ce muna ciwon jini ne, ya riga ya yi nisa, ba a warkewa, sai dai a danne shi da ƙwaya. Anka ba mu ƙwayar, anka ce duk wata mu kawo shi a hau sikeli.

Ƙwayar na tayar mai da zuciya, sai Inna ta ɓoye ta, ta koma ɗura mai fura da man shanu. Ban sani ba sai daga baya. Wata biyu ba mu koma ba. Rannan matarshi Lantana ta sa anka ɗora shi kan sikelin masu gyaɗa, anka ce ya ƙaru da laba bakwai. Gida ya ɗauki murna. Na shigo na iske ana daka geron sadaka.

Inna ta ce, "Ka ga ɗan'uwanka? Har riga ta yi mai kaɗan. Asibiti kuma mun gama da ita."

Na dube shi zaune bisa tabarma, ciki gaba, wuya kamar na zabo.

Na ce, "Tashi tsaye."

"Yaya, mi za ka yi?"

"Taya ka za ni yi."

Ya yi dariya ya miƙe. Na kama shi yadda nike kama sa a kara, kasuwar shanu. Kafaɗa, ƙashi. Haƙarƙari, na ƙirga su ɗai-ɗai. Gadon baya babu kome, cinya ta zube. Na danna cikin ta hagu, na ji abu tauri kamar dutsen niƙa, ya sauko har ƙasan cibiya. Ƙafa kuwa inda na danna da yatsa, ramin ya tsaya.

Na ce, "Inna, wanga ba ƙiba ba ce. Dillalai na ba sa kanwa ya kwankwaɗi ruwa kafin a shiga kara, baƙo ya gani ya ce ƙosasshe. Ni ba a yi min haka. Saifa ce ta kumbura, sauran ruwa ne."

Inna ta ce, "Ɗan nawa ka mayar sa?"

"Da sa ne da ban saye ba."

Lantana ta ce baƙin ciki nike yi. Inna ta ce in na fita da shi, kar in sake cin tuwonta. Na ce na ji. Na ɗora shi bisa keke na tura har asibiti.

Likita ya kwantar da shi, ya danna daidai inda na danna, ya ja zane da alƙalami bisa cikin. Ya yi magana, Malam Maccido ya juyo.

"Shina tambaya, wa ya ce maka saifa ce?"

"Ka ce mai na ciro ta fi dubu da hannuna."

Baturen ya kama hannuna ya ɗora gefen zanen, ya ce in nuna mai inda ta ƙare. Na nuna. Ya gyara zanenshi da rabin yatsa.

Anka sake ba mu ƙwaya. Wannan karon cikin aljihuna take, ni ke ba shi kullum da safe kafin in tafi mahauta, in tsaya har ya haɗiye. Ciki ya fara saɓewa. Sikeli ya sauka laba tara cikin wata guda. Inna ta daina amsa gaisuwata. Wajen mai tuwo na kasuwa nike ci, mahauta na yi min ba'a wai an kore ni gida da furfurata.

Wata na huɗu na kama gadon bayanshi na ji abu ya cika min yatsu. Kaɗan ne, amma nama ne. Sikelin asibiti ya ce ya ƙaru da laba uku. Ni na ce biyu da rabi, don ya sha koko kafin ya hau.

Bai warke ba, likita bai yi muna ƙarya ba. Amma ran da anka yi bikin mulkin kai mun yanka shanu huɗu, Sahabi ne ya feɗe na ukun da wuƙarshi, ya saɓa cinya a kafaɗa ya kai rumfa ba wanda ya kama mai. Shekara biyu da wata biyar ya ƙara yana fawa kafin ciwon ya ɗauke shi. A cikinsu Lantana ta haifi Lailatu, shi ya yanka ragon sunan da hannunshi.