Inda Zafin Yake Farawa

Duk Juma'a muna soya tarwaɗa a zauren tsoffin sojoji, kuma Wendell Tibbs ne mai cika wurin da surutu. Ran nan ya shigo yana ɗingishi, ya ɗora ƙafar dama a kan kujera, ya ce ofishin kula da tsoffin sojoji ya hana shi kuɗin nakasa. Sun yarda a bakin aiki ya ji rauni, amma wai gwiwarsa tana lanƙwasuwa kamar ta kowa.

Wendell sojan lema ne a da, cikin masu dira daga jirgin sama. A wata dira ya sauka a kan kututture, ya ɗaure gwiwar ya ci gaba da tafiya. Da ya bar soja ya kama shimfiɗa tayil a daɓen ɗakuna, sana'ar da ba ta yiwuwa sai a durƙushe. Yanzu ya haura sittin, likitansa ya gaya masa in bai daina durƙuso ba, keken guragu na jiransa. Da an ba shi kuɗin nan, a haɗa da albashin matarsa Odessa, asiri zai rufu ya huta. In babu, Litinin yana durƙushe a bakin aiki.

Na ce masa ya yi haƙuri, ana ɗaukaka ƙara.

"Kai me ka sani a kan gwiwa, Rufus?" in ji shi. "Sojan ruwa! Ka ƙare aikinka a zaune kana feraye dankali."

Na ce mu dai ba mu taɓa fita ta ƙofar jirgi mai lafiya da gangan ba.

Delphine Marsh ce ta jawo kujera. Tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce a soja, ita ke taya mu rubutun ɗaukaka ƙara kyauta. Ba ta karɓi takardar da ofishin ya aiko masa ba. Cewa ta yi ya faɗa mata abin da ya faru a ɗakin da aka gwada gwiwar.

Ya ba da labari yana hura hanci. Likitar ofishin ta tambaye shi ya jiki, ya ce lafiya lau. Ta kafa ma'auninta mai hannu biyu kamar almakashi a gefen gwiwar, ta ce ya lanƙwasa. Ya lanƙwasa har diddige ya kusa taɓa cinya, ko uffan bai ce ba. Bayan ya fito ne ya zauna a mota yana zufa, ya kasa taka totur, sai da Odessa ta taso daga wurin aiki ta ɗauke shi.

"Ashe ƙarya ka shara wa baiwar Allah, Saja," in ji Delphine.

Ya harzuƙa, ya ce shi ba maroƙi ba ne da zai yi raki a gaban yarinya sa'ar 'yarsa. Delphine ta bar shi ya sauke. Sannan ta ce ba wanda ya ce ya yi kuka. Abin da ake aunawa shi ne inda zafi yake farawa, shi kuma ya nuna musu inda juriyarsa take ƙarewa. Za ta nemo masa sabon gwaji, amma ba za ta ɓata tawadarta ba in jarumta zai sake kai musu.

Muka fara gwadawa a zauren. Ya kwanta a kan benci, Delphine ta ce ya tsaya da zarar ya ji zafi. Ya lanƙwasa har ƙarshe. Aka sake, haka. Da farko mun ɗauka taurin kai ne, sai da ya tashi zaune ya ce da ita a hankali, wallahi bai san inda yake farawa ba. Ya daɗe da daina saurarensa.

Ni ba mai yawan magana ba ne, shi ya sa na sha labaran Wendell fiye da kowa. Na kuma lura da abu guda. Duk sanda ya sunkuya ɗaukar wani abu, ko zai hau matakala, maganarsa takan yanke a tsakiya, ya haɗiyi yawu, sannan ya ɗora. Na gaya musu. Ya ce sharri ne na mutanen ruwa.

Delphine ta sa ya sake kwantawa, ta ce ya ba mu labarin dirar da ya yi cikin gonar kankana. Ya kama, yana lanƙwasa ƙafar sannu a hankali. Ya zo daidai inda manomi ya fito da bindiga, sai ɗif. Ƙafar ko rabin hanya ba ta kai ba.

Ya daɗe yana kallon rufi. "Nan ne?" ya ce.

"Kai za ka gaya mana," in ji Delphine.

Ya mayar da ƙafar, ya sake ɗagowa ba tare da labari ba. Ya tsaya a wurin.

Ni na kai shi gwaji na biyu, bayan an shiga hunturu. Na zauna a waje. Ta ƙofa ina jin muryarsa yana cika likita da zance, sai ta ɗauke. Can na ji ya ce, "Nan, likita. Daga nan yake kamawa. In na wuni a durƙushe kuma, ko nan ba na kaiwa." Da ya fito bai dube ni ba, ya ce in tuƙa kawai, kada in ce komai. Dama ban yi niyya ba.

Amsa ta ɗauki lokaci, har ya shimfiɗa wasu ɗakunan girki biyu yana jira. Da ta zo, ba duk abin da Delphine ta nema aka ba shi ba, ta ce za ta sake rubuta musu a kan gwiwar hagu, don ita ma tana ciwo. Amma ya isa. Ya sayar da injin yankan tayil, ya koma auna wa masu gini ɗakuna a tsaye.

Odessa ta kawo mana wainar masara a zaure, ta ce ta zo kawo ƙara ne. Mutumin da ya shekara talatin bai ce wash ba, yanzu tun asuba yake lissafa mata ƙugu da kafaɗa da wani haƙori.

"Ni ma a gaya mini inda zan ɗaukaka tawa," in ji ta.

Wendell ya ce ta bi layi, ya miƙa mata faranti.