Surukai Biyu a Zauren Hindatu

Tun kafin Nasara su zo su ja layi tsakanin Illela da Konni, duk matafiyin da rana ta faɗi masa a Illela, idan ya tambayi masauki a bakin kasuwa, gidan Inna Hindatu ake nuna masa. Ba don ɗakunanta sun fi na kowa ba. Zaure ne ɗaya mai faɗi, da tabarmi, da randar ruwa, da turken jakuna a bayan gida. Abin da ya kai sunanta har Gwadabawa shi ne karin kumallo: kunun tsamiya mai zafi, da masar gero, da nono. Tun da mijinta ya rasu, da wannan take riƙe gidan. Masu kanwa da masu gishiri sukan ce ba a taɓa fitar da ƙwarya daga zauren Hindatu da saura a ciki ba. Ita kuwa ta san duk ranar da wannan magana ta canza, baƙi ma za su canza gida.

Wata Laraba bayan la'asar wani dattijon Bafillace mai suna Maliki ya sauka. Daga Konni yake, da jaki ɗauke da kanwar shanu, zai koma rugarsu wajen Kalmalo. Gab da magariba sai ga wani matashi, Jalo, shi ma Bafillace, zai shiga Konni cigiyar bijiminsa da ya ɓace. Hindatu ta ga abin ya zo daidai, tun da harshensu ɗaya sai su ɗebe wa juna kewa. Ta shimfiɗa masa tabarma kusa da ta dattijon.

Jalo ya leƙa zauren, ya tsaya cak. Ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya durƙusa ya yi doguwar gaisuwa da Fulatanci, kansa a sunkuye. Sannan ya ja tabarmarsa zuwa bakin ƙofa, ya zauna yana kallon bango. Hindatu ta ɗauka ladabi ne kawai. Ta kawo tuwo a akushi ɗaya, kamar yadda take yi wa maza idan sun haɗu. Akushin ya koma yadda ya zo. Dattijon ya ce ya ci abinci a hanya. Jalo ya ce shi ma haka.

Da asuba ta tashi da niyyar rama abin da ya faru. Ta dama kunun da kanta, ta sa wa masar man shanu fiye da na kullum, ta kai musu tun tana tururi. Suka yi godiya, suka sa albarka, ba wanda ya miƙa hannu. Rana ta fito, kunu ya huce har ya yi fata. Ta ɗebo ludayi ɗaya daga tukunya ta kurɓa, ba ta ji abin da ya same shi ba.

Hanyar rijiya kuwa ta ƙofar zauren ta bi. Mata suna wucewa da tuluna, kowacce sai ta ɗan rage tafiya. Ɗaya har ta tsaya ta tambaya, cikin murya mai taushi, ko baƙin azumi suke yi.

Maliki ya fito duba jakinsa, ya tarar da Hindatu a bayan gida. Ya rage murya ya ce yaron nan bai sa komai a bakinsa ba tun jiya, ta daure ta matsa masa. Ba a jima ba Jalo ya same ta wajen randa.

"Inna, tsohon nan tafiya ce a gabansa. A haɗa masa da nawa."

Yana rufe baki cikinsa ya yi ƙugi. Ya yi tari don ya rufe, ya koma bakin ƙofa.

Ana cikin haka Asta mai kawo mata nono kullum ta iso. Ta leƙa zauren, ta ja da baya da sauri, ta sauke ƙwaryarta tana toshe baki da mayafi. Sai da dariyar ta lafa ta yi bayani. Maliki shi ne uban matar Jalo. Ko kwana nawa za su yi a zauren nan, ba wanda zai kai loma baki a gaban ɗayan. Jalo ba zai kama hanya ya bar surukinsa zaune ba, shi kuma tsohon ba zai tafi ya bar mijin 'yarsa da yunwa ba.

"To mi ya hana su gaya mini?" in ji Hindatu.

"Inna, ke ma dai. Faɗin ai ya fi cin abincin kunya. Kin taɓa jin Bafillace ya ce yunwa yake ji?"

Hindatu ta koma wajen murhu. Ta gane idan ta nuna ta sani, ta ƙara ɓata lamarin. Ta mayar da kunun kan wuta, ta soya sabuwar masa.

Ta je ta ce wa Maliki kamar ta ga jakinsa yana ɗingishi, ya kamata ya duba kofaton da kyau kafin ya ɗora kaya. A gindin itacen bedin da ke kusa da turken ta riga ta kife turmi, ta ajiye ƙwarya a kai, ta rufe da faifai. Da ya fita, ta ce wa Jalo tunkiyarta ta ƙi cin abinci tun shekaranjiya, su Fulani ne suka san dabba, ya taimaka ya duba mata. Garken yana ɗaya gefen gidan. Tunkiyar tana tsaye tana cin harawa hankali kwance, kusa da ita kuma ga wata ƙwaryar a rufe.

Dukansu sun daɗe.

Maliki ne ya fara dawowa. Ya ce ƙafar jakin lafiya lau take, amma gara da aka duba. Jalo ya shigo bayansa, ya ce tunkiyar ta samu sauƙi, ga alama ma ta fara ci. Akwai maiƙon man shanu a gefen bakinsa. Dattijon ya dube shi sau ɗaya, ya kau da kai, ya ce to madalla.

Jalo ya ɗaure wa jakin kaya, ya raka surukinsa har bayan gari, sannan ya juya ya nufi Konni. Kafin su fita, kowannensu ya keɓe ya ce wa Hindatu in Allah ya sake kawo shi Illela nan zai sauka.

Ta ɗauko ƙoren nan biyu, ta zauna a ƙofar zaure daidai lokacin da mata ke dawowa daga rijiya, tana wanke su a hankali, tana kife su inda kowa zai gani. Mai tambayar ɗazu ta tsaya da tulunta a ka.

"Inna, azumin fa?"

"Sun sha ruwa da hantsi," in ji Hindatu.

Daga ranar, idan baƙi biyu suka haɗu a zaurenta, ba ta zuba musu a akushi ɗaya sai ta fara bincika ko akwai auratayya tsakaninsu.